Kunnen Kawu Sidi da fankar da ba ta juyawa

Ni ne da laifi, kuma ba yau na sani ba. Waɗanda suke zaune a fadarmu ta hira da shayi a bayan tsohuwar kasuwa ranar da na kunyata Kawu Sidi sun gani da idonsu, waɗanda ba sa nan kuma an kai musu labarin har gida da gishirinsa da yajinsa. Tun da Allah ya karɓi abinsa, kowa ya zauna sai ya kawo nasa labarin a yi dariya. Ni in aka zo kaina sai in duƙar da kai in ce shayi ya yi zafi. Yau zan faɗi nawa, har da wurin da ba ya yi mini daɗi.

Duk wanda ya san yayan mahaifiyata ya san ba ya sayen abu sai ya kara kunne a jikinsa. Kankana, butar shayi, ƙofar ƙarfe, akuya, duk ɗaya ne a wurinsa. Zai ɗage rawaninsa ta gefen dama, ya fito da kunnen nan nasa mai faɗin marfin tukunya, ya ce, "Bari in ji shi tukuna." Sai ya manna shi a jikin abin, ya rufe ido guda, ɗayan kuma yana kan mai kayan. Ranar da aka zo neman auren ƴarsa bai tambayi asalin yaron ba. Fita ya yi waje ya ce a tada moton yaron, wato babur ɗinsa, ya durƙusa ya kara kunne a tanki, ya daɗe. Da ya tashi sai ya ce wanda motonsa yake irin wannan tari bai kai shi gyara ba, mace ma in ta yi tari ba zai ji ba. Sai da aka gyara moton aka karɓi goro.

Da kunnen nan ya ci abinci duk rayuwarsa. Ya gyara radiyo, ya gyara kaset, ya gyara amsa-kuwwar masallatai, kuma shekara da shekaru babu bikin da masu gitar za su yi wasa a Agadas ba a ga Kawu tsaye jikin manyan amsa-kuwwa yana murɗa wannan yana sassauta wancan ba. Da ofisoshi suka fara zubar da tsofaffin odinatar, wato kwamfuta, shi ne ya bi yana tsinta. Ya buɗe cikinsu, ya ɓata wasu, ya tada wasu, har ya zama in mutum yana son a haɗa masa tasa ɓangare-ɓangare, ba ta kanti ba, gidan Kawu ake nuna masa.

Ni kuwa na dawo daga haƙar zinariya a Jado da tari a ƙirji da ɗan abin da bai isa a yi shela ba. Na kama hayar ƙaramin butik, ɗan shago ke nan, na ce zan riƙa buga wa mutane takardu, ta neman aiki, ta haya, ta kai ƙara. Da la'asar kuma in rufe ƙofa in ɗauki waƙa, domin abokina Agali da ƴan ƙungiyarsa sun gaji da ɗaukar gitarsu da wayar hannu, inda kukan akuyar maƙwabta yake fin muryar mawaƙi fita. Odinatar ɗaya nake so ta yi aikin biyu. Na riga na ga irin wadda raina yake so a hoto: akwati mai gefen madubi, fitilu ja da shuɗi suna zagayawa a ciki, fankoki jere kamar haƙora. Na kai wa Kawu hoton. Ya duba, ya juya shi, ya tambaye ni ko motar amarya zan haɗa.

Ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ya ce ƙwaƙwalwar na'ura a sayi mai kyau amma ba sai wadda ta fi ta kowa ba, domin buga takarda ko jaki ya iya, waƙa ce mai cin ƙarfi. Ya ce memuwar ita ce tabarmar da ake baza aiki a kai, in ta yi ƙanƙanta mai gitar da mai ganga za su riƙa taka juna, saboda haka a nan ba a rowa. Ya ce akwatin da ke raba wa sauran kuran, wato wutar lantarki, shi ne cikin na'ura, kuma a garin da kuran yake zuwa ya tafi ba sallama, wanda ya sayi mai ruɓaɓɓen ciki ya sayi makoki. Da na kawo zancen babban katin hoto irin na masu wasan na'ura, sai ya ce, "Ɗan Jado, ido za ka sayar ko kunne?" Ya ce abin da zan zuba a can in zuba shi a akwatin sauti da mikro. Sannan ya ɗaga yatsa ya faɗi abin da ya fi komai a wurinsa: na'urar da za ta ɗauki waƙa dole ta iya rufe bakinta. In fanka tana gurnani, mikro ba ya da kunya, zai kwashe ya zuba a cikin waƙar.

Muka fara da akwati. Ya ce yana da wani na ƙarfe mai kauri, tun na zamanin da ake ƙera abu don ya gaji mai shi, ƙara ba ta ratsa shi. Muka zagaya bayan ɗaki inda yake tara kayansa. Akwatin yana nan kuwa, kwance a gefe, kuma a cikinsa kazar Inna Dije, matarsa, tana kwanci a kan ƙwai. Na miƙa hannu zan kore ta, ya riƙe ni.

"Ita ta riga ka," ya ce.

Na ce Kawu, haya tana tafiya. Ya ce ita ma aiki take yi, kuma nata yana da rai. Haka na riƙa zuwa kullum ina gaida kaza kamar suruka, har ƴan tsaki suka fito. Ko a ranar ma sai da ya kara kunne a jikin akwatin ya ce a ƙara haƙuri, akwai ƙwai ɗaya da bai yanke shawara ba.

Daga nan muka koma wurin Alhaji Idi, mai sayar da kayan na'ura, wanda ake aiko masa da kaya daga Yamai a motar fasinja. Alhaji ya fito da sabon irin disk ɗin nan na ajiyar aiki da ba ya juyawa, ɗan siriri kamar maɓallin riga biyu a haɗe, ya ce shi ne ya dace da masu waƙa, ga sauri ga shiru. Kawu ya sa aka haɗa masa kuran, ya kara kunne, ya sauya kunne, ya koma na farko. Ya ajiye shi ya ce wannan munafuki ne, abin da yake aiki ba ya ko numfashi ta ina za a san gaskiyarsa. Na tuna masa shi da bakinsa ya ce shiru muke nema. Ya ce shirun mai ladabi yake nufi, ba shirun mai ƙulla sharri ba. Da ƙyar ya yarda, amma da sharaɗi: a sayi biyu, ɗaya na takardu, ɗaya na waƙa, domin shi a gabansa ba za a kwantar da takardar kai ƙara da waƙar biki ɗaki ɗaya ba. Na yi ta ƙunƙuni a hanya. Yau in ɗayan ya cika ko ya yi ciwo, ɗayan bai ma san ana yi ba.

Komai ya haɗu sai fanka, kuma a kan fanka ne Shaiɗan ya same ni. Alhaji ya kawo ta farko, Kawu ya saurara, ya dube ni, ya ce tana kuka kamar sauro. Aka aiko da wata, ya ce wannan niƙa take yi. Aka aiko da wata mai tsada wadda ni ko na sa kunnena a kanta ba na jin komai, ya daɗe a kanta, ya dube ni, ya ce tana da tsaki a ƙasa-ƙasa. Kowace sai an jira mota ta zo daga Yamai. Agali yana tambayata, mai butik yana tambayata, ni kuma raina yana ƙara ɓaci, fuskata kullum a murtuke.

A cikin wannan jiran ne na lura da wani abu. Na shigo gidan Kawu na yi sallama a bayansa da ƙarfi, bai juyo ba. Wata rana aka kira salla a amsa-kuwwar da shi ya ɗaura da hannunsa, bai motsa ba sai da ya ga Inna Dije ta ɗauki buta. Na ce ashe. Mutumin da ya hana ni aiki da sunan kunne, kunnen ya daɗe da tafiya. Mai hankali da ya tsaya nan ya yi tunani. Ni murna na yi, kamar wanda ya tono zinariya.

Na haɗa na'urar a butik, na sa fankar nan mai tsada, amma na zare wayarta na bar ta tana lilo a ciki. Na rufe akwatin. Bayan la'asar, lokacin da fada ta cika, na ɗauko ta na ajiye a kan tabarma, na ja kuran daga butik ɗin tela, ƴar fitilar gaba ta kama. Na ce Kawu ga wata sabuwar fanka ta iso, a taimaka a ji mana ita a gaban jama'a.

Ya ajiye kofin shayinsa. Ya ɗage rawani, ya ce bari ya ji ta tukuna, ya durƙusa da ƙyar domin gwiwarsa ta fara ba shi wahala. Ya rufe ido guda, ɗayan yana kaina. Ni kuma na haɗe rai sosai don kada dariya ta kuɓuce mini. Ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce wannan ta fi sauran muni, gurnani take kamar raƙumin da aka ɗora wa gishiri fiye da kima.

Na sa turnabis na kwance kusoshi na buɗe gefen akwatin, na juya shi kowa ya gani. Fanka tsaye cik, waya tana lilo.

Samari biyu ko uku suka fashe da dariya, ni ma na yi, amma ta mutu a bakina, domin manya ba wanda ya yi. Alhaji Idi ya duƙar da kai yana kallon takalminsa. Agali ya jingine gitarsa. Kawu ya dubi wayar, ya dube ni, ya sauke rawanin ya rufe kunnen a hankali.

"To, ta yi shiru ke nan," ya ce. "Ka samu abin da kake so."

Ya nemi takalminsa ya tafi, bai shanye shayin ba.

Daga ranar bai sake zuwa fada ba. Kasuwa ma ya daina, Inna Dije ce take aike. Mutumin da ko albasa sai ya ji ta, ya koma zaman zaure yana kallon bango. Na mayar da wayar fankar, na'ura ta tashi, kuma gaskiya fankar lafiyarta ƙalau, a wannan ban yi kuskure ba. Takardu suna fita kamar ruwa. Amma da na ce wa Agali su zo mu fara, sai ya ce ba sa sauri, za su jira wanda ya zaɓi kayan ya ji ta tukuna. Zan faɗi gaskiya tun da ita na zo faɗa: abin da ya fara kai ni gidan Kawu ba nadama ba ce, rashin masu waƙa ne.

Inna Dije ta tare ni a tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta amsa gaisuwata ba sai da ta gama abin da ke cikin rariya. Na fara kame-kame, na ce ai ban san abin zai kai haka ba, na ga dai ya kamata mutane su sani. Ta ajiye rariyar.

"Su san me, Habu? Wa ka gaya wa abin da bai sani ba?"

Ta ce amsa-kuwwar biki ce ta cinye kunnen a hankali, kuma an daɗe. Alhaji Idi ya sani, tela ya sani, liman ya sani, mai kankana ma ya sani. Da can kunnen gaskiya ne, babu irinsa a garin nan. Da ya fara tafiya sai Kawu ya koma dogara da idon nan da yake bari a buɗe, yana karanta fuskar mai kaya. Mutane suka gane, ba wanda ya ce uffan. Mai gyaran moto in ya kawo masa inji, ya riga ya san ciwon, sai ya yamutsa fuska daidai lokacin da ya kamata, Kawu ya faɗi, a ce wallahi haka ne, a ba shi na goro. Unguwa guda ta haɗu tana riƙe masa kunnensa, ba taro ba shawara.

Na ce to me ya sa ya ƙi kowace fanka.

Ta dube ni kamar ta ga sabon jaki. Ta ce, "Ka taɓa duba fuskarka a madubi? Kullum ya ɗago ido sai ya gan ka kamar wanda ya sha maɗaci. Ya dawo gida ya ce mini, Dije, yaron nan yana jin wani abu a fankar nan, kunya ce ta hana shi faɗa, ba zan bari a cuce shi ba."

Ban san yadda na fita daga gidan ba. Ashe duk fankar da ya mayar, ni na mayar da ita da fuskata. Shi yana can yana kare ni daga ƙarar da babu ita, ni ina nan ina shirya masa tarko.

Sai kuma wata matsalar: yaya ake ba kurma haƙuri alhali bai yarda shi kurma ba ne? In na faɗa a hankali ba zai ji ba. In na ɗaga murya, maƙwabta su ji, na sake kwance masa rawani a karo na biyu. Na yi ta juya abin har na rasa dabara, sai na yi abin da kowa yake yi in zai je wurin Kawu: na kai masa abu ya ji. Na ɗora na'urar a amalanke, na tura ta har ƙofar zaurensa da hantsi, ina zufa. Na same shi zaune, ƴan tsakin nan da suka zama ƴan kaji suna kiwo a gabansa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya dube ni ba. Na haɗa kuran, na buɗe gefen akwatin don ya ga fanka tana juyawa da gaske, na nuna ta da hannu, na nuna kunnena, na girgiza kai kamar wanda abu ya dama.

Ina jin Inna Dije ta daina daka a ciki. Can sai hannunsa ya tafi gefen rawani.

Ya kara kunne a jikin ƙarfen, ya rufe ido guda. Na yi niyyar in saki fuska, in yi masa murmushin da zai sa ya ce ta yi, a wuce wurin. Na yi iya ƙoƙarina. Amma da idon nan ya sauka a kaina, ja, ya faɗa ciki, sai bakina ya kama rawa, hawaye suka zubo ba shiri. Ya ɗago ya ce na'ura lafiya lau take, ko kaza za ta iya komawa ciki ta yi barci. Ya ce mai ita ne wani abu ya kwance masa yake kaɗawa.

Ya jawo ni ta wuyan riga, ya ce, "Matso. Bari in ji shi tukuna." Ya manna kunnen nan a ƙirjina, kamar yadda ya yi wa moton surukinsa. A nan na gane cewa in na yi magana a haka, ƙashi zai kai masa abin da iska ta kasa kaiwa, ba sai na ɗaga murya ba. Na faɗi abin da na zo faɗa. Ya saurara har ƙarshe. Da ya ɗago sai ya ce tarin Jado bai sake ni ba, in daina shan ruwan sanyi. Sannan ya ƙwala wa Inna Dije kira ta kawo gawayi da buta.

Ya koma fada, ya koma kasuwa, mai kankana ya ci gaba da yamutsa fuska. Ranar da su Agali suka ɗauki waƙarsu ta farko yana zaune a kusurwar butik, tafin hannunsa a kan akwatin ƙarfe, yana kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, kuma ban taɓa yin murmushi mai yawa irin na ranar ba har kumatuna suka yi ciwo. Ya ce waƙar ta yi, sai dai mai ganga yana gaggawa. Mai gangar kuwa da gaske yana gaggawa.

Da sanyin da ya biyo baya ya kwanta, bai tashi ba. Allah ya jiƙan Kawu Sidi, ya yafe masa, ya sa kabarinsa ya yi masa faɗi da sanyi. Allah ya mayar masa da jinsa fiye da na da, ya sa abin da zai fara ji shi ne sallamar mala'ikun rahama. Allah ya saka wa mutanen unguwarmu da suka rufa masa asiri, ya rufa nasu.

Inna Dije ta sha tambayata abin da na faɗa a zaure, domin ta kasa kunne a bayan ƙofa ba ta ji komai ba. Tun da a gabanku na yi ɓarnar, ya kamata ku ma ku ji. Cewa na yi: "Kawu, ni na zare wayar, da gangan, don a yi maka dariya. Kai kana tsare ni, ni ina tona ka. Ban da hujja ko ɗaya. Don Allah ka yafe mini."